Yadda ake yanka bulon siminti da guduma da cizal

Babu ginin bulo da ake kammalawa da cikakken bulo kaɗai. Kafin bango ya yi ƙarfi, dole ne kowane layi ya hau kan na ƙasa da shi ta yadda mahaɗar bulo biyu za ta faɗo a tsakiyar bulon da ke ƙarƙashinta, kuma wannan tsari ne ke tilasta wa magini neman rabin bulo a bakin ƙofa, da bakin taga, da inda bango ya ƙare a jikin ginshiƙi. Ban da wannan, akwai gurbin da ke saura a ƙarshen layi wanda cikakken bulo ba ya shiga, akwai gangaren bango a ƙarƙashin rufin kwano, akwai kuma hanyar bututun ruwa da ta wayar lantarki. Injin yanka mai faifai yana yin wannan aiki da sauri, amma yana buƙatar wuta ko janareta, faifansa yana cinyewa, ga kuma ƙurar da yake turnuƙe wuri da ita. Guduma da cizal, wato guntun ƙarfe mai kaifin baki da ake bugawa da guduma, kuwa suna aiki a kowane fili, ko da a sabuwar unguwar da ba a kai mata turakun lantarki ba, kuma idan hannu ya saba da su, yankan yana fita tsaf yadda filasta za ta rufe shi ba tare da wahala ba.

Abin da ya kamata mai koyo ya fara riƙewa shi ne bulo yana tsagewa ne ta wurin da ya fi rauni. Siminti da yashi idan sun ƙame suna jure nauyin da ya danne su, amma ba su da juriya sosai ga abin da ke neman raba su biyu, don haka da zarar tsaga ta samu hanya sai ta bi ta har ƙarshe. Aikin mai yanka duka ya tattara ne a kan samar da wannan rauni a daidai layin da yake so, kafin ya kai bugun da zai raba bulon. Haka mai rake yake yi idan ya zagaya sandar rake da wuƙa sannan ya karya ta a gaɓar da ya zaɓa. Wanda ya tsallake wannan mataki ya dogara da ƙarfin damtse, bulon zai rabu, amma ta inda ya ga dama.

Bulon da aka fi gini da shi a Najeriya tsawonsa inci 18 ne, wato milimita 450, tsayinsa inci 9 ko milimita 225, kaurinsa kuma inci 9 ko inci 6, kuma da wannan kauri ake kiran sunansa a gidan bulo. A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke awo da santimita, an fi samun mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, kaurinsa 15 ko 20. Mafi yawansu masu rami ne: ramuka biyu, fuskoki biyu dogaye, da bangaye uku gajeru da suka haɗa fuskokin, ɗaya a kowane ƙarshe, ɗaya a tsakiya. Sanin inda waɗannan bangaye suke yana da muhimmanci ƙwarai, domin fuskar da ke kan rami siririya ce mai saurin burmawa, yayin da wurin da bangon tsakiya ya tokare ta yake da tauri. Bulon da ba shi da rami ya fi nauyi kuma ya fi cin bugu, amma ya fi sauƙin yanka daidai, saboda jikinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe.

Ba kowane bulo ne ke karɓar yanka ba. Ma'aunin Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ya shata mafi ƙarancin ƙarfin da ya kamata bulon yashi da siminti ya kai, amma sanin kowa ne cewa akwai masu buga bulo da ke sa buhun siminti mai kilo 50 ya fitar da adadin da ya wuce ƙima, ko su yi amfani da yashi mai laka, ko su sayar da bulo tun bai sha ruwa ya ƙoshi ba. Siminti yana ci gaba da yin ƙarfi ne muddin akwai damshi a jikinsa, kuma a kan kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa, shi ya sa bulon da aka buga a lokacin hunturu aka bari iska ta busar da shi a kwana biyu yakan yi kyau a ido amma ya marmashe a ƙarƙashin cizal. Kafin a shata layi, sai a ƙwanƙwasa bulon da guduma a hankali a saurari amonsa: mai ƙarfi yana yin ƙara mai kaifi, mai rauni ko wanda ya riga ya tsage a ciki yana yin amo a dakushe. A kuma karce gefensa da ƙusa, idan yashi yana zubowa da sauƙi to a ajiye shi gefe. A ganina kuskure ne al'adar da wasu ke yi ta ware bulo mafi lalacewa domin yanka da sunan tattali, domin guntun da aka yanka yawanci a bakin ƙofa da taga yake zama, inda nauyin lintal, wato kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga, ke sauka kuma ake kafa firam. Bulon da gefe ɗaya kawai ya ɓantare, sauran jikinsa lafiya, shi ne ya dace da wannan tattali, matuƙar ɓangaren da ya lalace shi ne za a yar.

Kayan aikin ba su da yawa. Ana buƙatar gajeriyar guduma mai kai murabba'i wadda nauyinta yake tsakanin kilo ɗaya da kilo biyu, da cizal mai faɗin baki kamar inci uku zuwa huɗu domin shata layi da raba bulo, da wani siririn cizal domin gyara baki da huda rami. Sai tef ɗin awo, da sikwaya mai daidaita kusurwa, da fensir ko alli ko gawayi. Gudumar kafinta mai cire ƙusa ba ta dace ba, saboda ba ta da nauyin da ake so, fuskarta ƙarama ce mai saurin kauce wa kan cizal ta sauka a yatsa, kuma ƙarfenta yana iya ɓantarewa idan ya riƙa haɗuwa da wani ƙarfen mai tauri. Cizal ɗin da maƙeri ya ƙera da tsohon sifirin mota yana riƙe kaifi sosai idan an iya ba shi wuta da ruwa, amma wanda aka daka daga guntun rodi yana saurin lanƙwashewa da dakushewa. A duba ƙotar guduma kafin a fara, kada kan ya zama yana rawa.

Tabarau na kare ido wajibi ne, domin ɓarɓashin bulo yana tashi da ƙarfi kuma sau da yawa sama yake nufa. Idan wani abu ya faɗa ido, kada a murza, a wanke da ruwa mai tsabta mai yawa, idan kuma zafin bai lafa ba a tafi asibiti. Ƙurar ma abin kula ce, domin yashi yana ɗauke da sinadarin silika, wanda shaƙarsa na tsawon shekaru ke taurara huhu ya hana numfashi, kuma tun a 1997 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙurarsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Yanka da hannu bai kai injin tayar da ƙura ba, amma duk da haka yana da kyau a yayyafa wa layin ruwa kaɗan, a sa takunkumi idan aikin yana da yawa ko ana yin sa a cikin ɗaki, a kuma tsaya ta inda iska ke kwashe ƙurar daga fuska. Safar hannu tana kare fata daga kaushin bulo da kuma cin siminti, sai dai a zaɓi wadda ba ta yi wa hannu yawa ba, domin kada riƙon cizal ya yi sako-sako.

Wurin da aka ɗora bulon yana da tasiri a kan yankan fiye da yadda mutane da yawa suke zato. Idan aka ɗora shi a kan daɓen siminti, ko kan wani bulon, ko ƙasa mai duwatsu, to zai zauna ne a kan wurare biyu ko uku da suka fi tudu, kuma duk bugun da aka kai zai dawo ta waɗannan wurare ya tsaga shi ta ƙasa. Abin da ya dace shi ne a baza yashi mai kaurin kamar inci biyu a wuri mai laushi, a daidaita shi da cokalin gini, a kwantar da bulon a ɗan murza shi har ya zauna daram ko'ina. Duk lokacin da aka juya shi a sake daidaita yashin. Ba a yanka bulo a kan bangon da ake ginawa, domin girgizar tana raba ɗanyen kwaɓin da ke tsakanin layuka tun bai kama ba, ba a kuma yanka shi a kan katakon da magina ke tsayawa a sama, domin katako yana lilo kuma guntaye suna faɗowa kan na ƙasa.

Wajen awo, a tuna da kaurin kwaɓin da zai shiga kowane gefe. Idan gurbin da ya saura a layi inci 12 ne, kuma magini yana barin rabin inci tsakanin bulo da bulo, to guntun da ake so inci 11 ne. Guntun da ya gaza da kaɗan kwaɓi zai cike shi, amma wanda ya wuce dole a sake sara shi, kuma cire siririn yanki daga bulo ya fi raba shi biyu wuya. Bayan an sa alama a gefe ɗaya, sai a yi amfani da sikwaya a zagaya da layin ta kowane ɓangare, har ƙarshensa ya dawo ya haɗu da farkonsa. Idan bai haɗu ba, to ko dai awon ya karkace ko kuma bulon kansa ba daidai yake ba, kuma gara a gano haka yanzu. A sa wata alama a ɓangaren da za a yar domin kada a ruɗe bayan an juya bulon sau biyu ko uku.

Yanzu sai shata tsaga. A kwantar da bulon a kan fuskarsa, a riƙe faffaɗan cizal a tsaye a kan layin, riƙo mai ƙarfi amma ba na maƙurewa ba, yatsu suna nesa da kan da guduma za ta sauka. Idan bakin cizal ɗin gefe ɗaya ne aka wasa, a juya gefen da yake miƙe ya fuskanci ɓangaren da ake so, gefen da aka wasa kuma ya fuskanci wanda za a yar. A riƙa bugu mai sauƙi, wanda nauyin gudumar ne kawai ke yin sa, ana matsar da cizal ɗin a kan layi ta yadda kowane zama zai hau kan rabin na baya, domin tsagar ta zama ɗaya ba tare da giɓi ba. Ido ya kasance a bakin cizal inda yake cin bulo, hannu zai nemo kan cizal ɗin da kansa bayan ɗan sabo. Zurfin da ake nema a zagayen farko bai wuce milimita uku ba. Idan an gama fuska ɗaya sai a juya a yi ɗayar, sannan a tayar da bulon a shata gefunan fuskokin ta sama da ta ƙasa, domin tsagar ta zagaye shi gaba ɗaya. Kusurwoyi suna buƙatar kulawa ta musamman, a karkata cizal ɗin ya fuskanci cikin bulo idan an zo kansu, domin bugun da ya nufi waje yana ɓantare kusurwa.

Zagaye na biyu ana ƙara ƙarfi kaɗan, na uku a ƙara a kan haka. A nan ne kunne ke shiga aikin, domin yayin da tsagar ke ratsa jikin bulo amon bugun yana sauyawa daga kaifi zuwa dakushewa, kuma wannan sauyi alama ce cewa rabuwa ta kusa. Bulo marar rami yakan buƙaci bugu ɗaya ko biyu masu ƙarfi a tsakiyar faffaɗar fuskarsa bayan zagaye na uku. Mai rami kuwa sau da yawa yana rabuwa da kansa ana cikin zagayen, kuma bai kamata a kai masa bugu mai nauyi a tsakiyar fuskar da ke kan rami ba, domin maimakon ya tsage sai ya burma ciki. Gara a tayar da shi ramukan suna kallon sama, a sa cizal a kan kaurin fuskar ta sama, a buga wannan gefe sannan wancan, bi da bi, har tsagar ta sauka ƙasa.

Rabin bulo mai rami shi ne aka fi buƙata kuma shi ne ya fi ba mai koyo haushi, saboda tsakiyar bulon ta faɗo daidai kan bangon da ya raba ramukan biyu. Raba wannan bango ta tsawonsa domin kowane rabi ya samu rufaffen baki abu ne da ba kasafai yake yiwuwa da hannu ba, musamman a bulon inci 6 wanda bangayensa sirara ne. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a matsar da layin kaɗan ya bi gefen bangon tsakiya, ta yadda rabi ɗaya zai fita da raminsa a rufe ta kowane gefe, ɗayan kuma ya fita da buɗaɗɗen baki. Na farko shi ne za a kai bakin ƙofa ko taga. Na biyun ma ba asara ba ne, ana sa shi a cikin layi ko a jikin ginshiƙin da za a zuba, inda kankare zai shiga buɗaɗɗen bakin ya ƙara ɗaure bango da ginshiƙi.

Bayan rabuwa, bakin yankan yakan fito da ɗan tudu nan da can. Ana gyara shi da siririn cizal, ana sassaƙa daga gefe zuwa ciki kaɗan-kaɗan, sannan a goga shi a jikin wani guntun bulo idan ana son ya ƙara sulɓi. Ba sai an matsa wajen sulɓi ba, domin kaushin yana taimaka wa kwaɓi ya kama. Idan kuma abin da za a cire inci ɗaya ne ko biyu daga ƙarshen bulo marar rami, kada a nemi cire shi a bugu ɗaya: a shata layin sosai, sannan a riƙa ɓantare ɓangaren da za a yar guntu-guntu har a iso layin.

Ƙwararrun magina da yawa suna sara bulo da gefen cokalin gini ko da tsohuwar adda, kuma a bulo mai taushi hakan yana raba shi cikin ƙiftawar ido. Ban ga laifin wannan ba a wurin da filasta mai kauri za ta rufe komai kuma awon bai matsa ba, amma yana lanƙwasa cokali, yana ƙara yawan bulon da ke lalacewa, kuma a gaskiya bulon da cokali ke rabawa da sara biyu ya kamata mai gini ya tambayi ingancinsa.

Yankan karkace, irin wanda ake buƙata a gangaren bango ƙarƙashin rufi, yana bin wannan ƙa'ida amma da ƙarin haƙuri. A ɗaure igiya daga ƙololuwar bango zuwa ƙarshen gangaren, a ɗora bulon a mazauninsa ba tare da kwaɓi ba, a ɗauki layin daga igiyar a fuskoki biyu, sannan a sauko da shi kan yashi. A shata tsagar ta fi ta kullum zurfi, a fara cire ɓangaren da za a yar daga nesa da layin ana matsowa, domin siririn ƙarshen da gangaren ke bari yana saurin karyewa. Rage tsayin bulo mai rami ta tsawonsa, kamar idan layin ƙarshe a ƙarƙashin lintal ya gaza inci 9, aiki ne mai yawan asara, tunda sai an ratsa fuskoki biyu da bangaye uku a lokaci guda. A irin wannan wuri ya fi kyau a nemi bulo marar rami, ko a kafa katako a zuba kankare ya cike giɓin.

Huda bulo domin bututu ana yin ta ne a kan rami, nesa da bangayen ciki. A zana da'irar, a bi ta da siririn cizal ana bugu mai sauƙi, a fara fasa ƙaramin rami a tsakiya sannan a faɗaɗa shi zuwa layin, kuma a huda kowace fuska daga wajenta, domin cizal ɗin da ya ratsa ya bugi fuska ta biyu daga ciki yana fitar da babban ɓantare. Sassaƙa hanyar waya a bangon da aka riga aka gina kuwa sai an jira kwaɓi ya kama sosai. Hanyar da ta tashi tsaye ba ta raunana bango kamar wadda ta kwanta, shi ya sa ƙa'idar gini ta Ingila ta iyakance zurfin ta tsaye zuwa kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango, ta kwance kuma kashi ɗaya cikin shida. A bulo mai rami, doguwar hanya a kwance tana yanke fuska guda ɗungurungum, wato kusan rabin abin da ke ɗauke da nauyi, don haka ya fi dacewa magini da mai aikin lantarki su yi shawara tun ana gini a zura bututun ta cikin ramukan. Ginshiƙi da lintal ba a sassaƙa su sam sai da izinin injiniya.

Cizal yana buƙatar kulawa ta fuska biyu. Bakinsa idan ya dakushe yana daka bulo ne maimakon ya tsaga shi, sai a wasa shi, ana tsoma shi a ruwa akai-akai idan da inji ake wasawa, domin zafi yana kashe taurin ƙarfe. Kansa kuma, inda guduma ke sauka, yana bajewa a hankali har gefunansa su tsattsage, kuma waɗannan gefuna suna iya ɓallewa su tashi su shiga ido ko fata, don haka a kai wa maƙeri ko mai walda ya goge su da zarar sun fara fitowa.

Wajen ɗora guntun a bango, a kakkaɓe ƙurar bakinsa a ɗan jiƙa shi, domin busasshen bulo mai ƙura yana tsotse ruwan kwaɓi ya hana shi kamawa. Bakin da aka yanka ya fuskanci cikin layi, lafiyayyen bakin da ya fito daga injin buga bulo ya kasance a bakin ƙofa ko kusurwa, inda ake buƙatar miƙaƙƙen gefe. Guntun da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon bulo ba bai kamata ya zauna a ƙarshen bango ba, gara a rage bulo biyu kaɗan-kaɗan a raba giɓin a tsakaninsu, kuma a lura kada mahaɗar wannan layi ta faɗo daidai kan ta layin ƙasa. Ɓaraguzan da suka saura a tara su wuri ɗaya, suna shiga cikon ƙasan ɗaki kafin a zuba daɓe.